Layin da Ba Shi da Mai Shi

A hawa na goma sha huɗu muka zauna,
ƙarƙashinmu kogin Maas na jan jirage
kamar mai jan taurin akuya zuwa kasuwa.
Ruwan Rotterdam ba ya sallama,
sai dai ka ga gilashi yana hawaye.
Kamfani biyu aka haɗe a takarda,
aka ce mu, mu haɗa hanjinsu.

Ni ne mai zana taswira.
Ba ta tudu ba, ba ta teku ba,
ta hanyar da labari ke bi
in ya bar wannan na'ura ya nufi waccan.

Wietske ta zo da tsarinta a hammata,
shekara tara tana renonsa, ko ƙuda ba ta yarda ya sauka.
Radjesh ya ce nasa sabo ne fil, a gajimare yake kwana.
Sjoerd, mai riƙe makullan sirri, bai zo da komai ba sai "a'a",
ya ajiye ta gefen kofin gahawa.

Kwana uku muka kashe kan magana guda:
wane ne abokin ciniki?
A wurin Wietske, mai jirgi.
A wurin Radjesh, mai kayan da ke cikin jirgin.
Kowa ya rantse da rumbunsa.
Ashe ba wayoyi suka harɗe ba, harsuna ne.

Ran Alhamis allo ya cika.
Akwati saba'in da uku, kibau kamar bayan bushiya.
Can na hango wani layi siriri,
ya taso daga ma'aunin kwantena a ƙofa ta shida,
ya faɗa lissafin kwastan.
Na ce, na wane ne?
Wietske ta dubi Radjesh, Radjesh ya dubi silin.
Sjoerd ya ce, "In ba ni na buɗe ba, babu shi."
Amma kullum da asuba lambobi na ƙetarewa,
ba su taɓa makara ba.

Muka sa rigunan ruwa muka sauka,
mu huɗu a mota ɗaya, karon farko,
gwiwar Sjoerd na gugar tawa.
Ƙofa ta shida ɗaki ne kamar kwalin ashana,
warin dizal da jiƙaƙƙen ulu.
Wata dattijuwa, Greetje, tabarau a ƙarshen hanci,
gabanta kwamfuta biyu da ba sa ga maciji.
Ta karanta a hagu, ta buga a dama.
Shekara goma sha tara.
In lamba ta yi mata wari, ta ɗaga waya ta titsiye direba.
Tana da littafi mai baƙin bango
inda ta tara duk ƙaryar da na'urorinmu suka taɓa shararawa.

"Ku ne na sama?" ta ce, ba ta ɗago ba.
"Watan Mayu zan ajiye aiki.
Sau uku na rubuta muku."

Ko tari ba wanda ya yi.
Wietske ce ta fara jan kujera, ta ce, "Koya mini."
Radjesh ya riƙe littafin da hannu biyu yana juya shafi.
Sjoerd, mai "a'a", ya fita cikin ruwa,
ya dawo da gahawa biyar da soyayyen dankali a takarda.

Da muka koma sama ban goge layin ba,
na ɗauki jan alƙalami na ɗora sunanta a kai.
Gadar da ta gaje ta ta ci wata bakwai,
ta ci faɗa biyu,
da takardar murabus da Radjesh ya rubuta bai aika ba.
Greetje ta ƙara mana wata huɗu, don tausayi, in ji ta.
Yanzu abokin ciniki mutum ɗaya ne, mu huɗu mun sa hannu.

Shafi na arba'in dai har yau ya gagare mu:
lambobi shida, da zanen wani abu mai kama da kifi.
Ran Talata Wietske za ta hau jirgin ƙasa zuwa Schiedam
da furanni a hannu,
ta tambaya.